Neman gidan haya a Amurka alhali makin kiredit ya faɗi: ina mafita?

Baban Affan:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, don Allah wanda ya sani ya taimaka. Ina zaune a Columbus, jihar Ohio, da iyalina. Mai gidan da muke ciki zai sayar da shi, ya ce ba zai sabunta mana yarjejeniya ba idan ta ƙare ƙarshen wata mai zuwa. Matsalar ita ce makin kiredit ɗina, wato makin da ake auna yadda mutum yake biyan bashi da shi, ya faɗi zuwa wajen 540. Shekarar da aka rage ma'aikata a wurin aikinmu na jima a zaune, katunan bashi biyu suka taru mini, motar da na ɗauka bashi ma suka zo suka janye ta. Yanzu alhamdulillahi ina aiki, albashina ya haura ninki uku na hayar da nake nema, kuma ko lokacin da nake zaune ban taɓa lattin biyan haya ba. Amma duk rukunin gidajen da na je sai su karɓi kuɗin fom, nawa da na maiɗakina, bayan kwana biyu su turo saƙon ban haƙuri. Wani ya ce in sayi wata lamba da ake kira CPN, wai in riƙa rubuta ta a fom a madadin lambar soshiyal ɗina, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka take ba mutum. Wani ya ce in roƙi yayan matata ya tsaya mini. Ni dai kaina ya kulle.

Ɗan Bronx:
Wa alaikumus salam. Sannu Baban Affan, Allah ya yaye. Bashi hanji ne, kada ka ɗauka kai kaɗai ne. Amma tun kafin manya su shigo: daina cike fom haka nan. Kuɗin fom ba ya dawowa, sadaka kawai kake yi wa masu kuɗi.

Anti Rabi:
Baban Affan sannu da haƙuri. Ni a ofishin bayar da haya nake aiki a Maryland, bari in gaya maka yadda abin yake daga ciki. A manyan rukunin gidaje ba wadda ke zaune a tebur take yanke hukunci ba. Muna shigar da bayananka ne a manhajar wani kamfanin tantance 'yan haya, ita ce take dawo da amsa: an amince, an amince da sharaɗi, ko an ƙi. Ko kuka ka yi a gabana ba ni da ikon canjawa. Shi ya sa kafin ka ba da ko dala ɗaya ka ce su nuna maka sharuɗɗansu a rubuce, ka tambaye su kai tsaye: akwai makin da ba ku sauka ƙasa da shi? Idan an janye wa mutum mota, ƙi ne gaba ɗaya ko ƙarin kuɗin ajiya? Yawancinmu za mu gaya maka gaskiya, don mu ma ba ma son ɓata lokaci.

Sannan ba duk tabo ne nauyinsu ɗaya ba. Abin da ya fi kashe fom shi ne bashin tsohon mai gida da shari'ar kora daga gidan haya. Waɗannan biyun ko makinka ya kai 700 za su iya hana ka. Kai kuwa ba ka da ko ɗaya, in na fahimce ka.

Tambaya: a saƙon da suka turo maka, sun rubuta sunan kamfanin da ya ba su rahotonka?

Baban Affan:
Ba ni da ko ɗaya Anti. Saƙon kuma gaskiya layin farko kawai nake karantawa in rufe.

Anti Rabi:
To koma ka buɗe. Akwai dokar tarayya ta rahoton bashi tun 1970, ita ta wajabta musu idan sun ƙi ka saboda rahoto, ko sun ƙara maka kuɗin ajiya saboda shi, su sanar da kai su kuma ba ka suna da adireshin kamfanin da ya haɗa rahoton. Kana da kwana 60 ka nemi kwafinsa kyauta. Ka nema. Rahoton tantance ɗan haya daban yake da rahoton kiredit, a cikinsa ake zuba bayanan kotu, kuma a nan ake yawan haɗa mutum da mai suna irin nasa. Ka san mu da sunaye, Muhammad Abubakar nawa ne a jiha ɗaya?

Shi kuma rahoton kiredit ɗin kansa, ka shiga AnnualCreditReport.com ka ciro na kamfanonin uku, Equifax da Experian da TransUnion. Kyauta ne, kuma yanzu kowane mako za ka iya cirowa. Duba naka da kanka ba ya rage maki ko ɗigo.

Gyara Kiredit Cikin Sauƙi:
Yallaɓai kada ka wahalar da kanka. Muna goge duk wani tabo cikin kwana 30, muna kuma samar da CPN mai tsabta. Yi mini magana ta akwati.

Ɗan Bronx:
Ka ji su. Ko minti goma ba a yi ba ungulu ta sauka.

Admin:
Na cire shi daga zauren. Wanda ya tura wa saƙo ta gefe ya sanar da ni.

Ummi K:
Yaya, don girman Allah ka nisanci CPN ɗin nan. Babu wata hukuma da take bayar da ita. Sau da yawa lambar soshiyal ce ta wani aka sato, ta ƙaramin yaro ko tsoho ko wanda yake kurkuku, mutanen da ba sa duba rahotonsu. Ranar da ka rubuta ta a fom a madadin taka, ka aikata zamba a dokar tarayya. Wanda ya sayar maka ya ɓace, sa hannunka ne a takarda. Ga wanda bai zama ɗan ƙasa ba tukuna, irin wannan laifin yana iya shafar takardunsa gaba ɗaya. A kan gida mai ɗaki biyu?

Su kuma masu cewa suna goge tabo, abin da yake gaskiya ne a rahoto ba mai iya goge shi, yawanci sai ya cika shekara 7 ya faɗi da kansa. Abin da yake kuskure kuwa kai ma za ka iya ƙalubalantarsa ba ko sisi. Doka ma ta hana su karɓar kuɗi kafin su yi aikin, amma ka ga wanda bai fara da "turo rabi" ba?

Hajiya Maman Zahra:
Salamu alaikum. Na karanta duka. Ni ina da gidaje biyu da nake bayarwa haya a Houston, to bari ku ji daga bakin mai gida.

Ina duba kiredit, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma ba lambar nake kallo ba, labarin da ke ƙarƙashinta nake karantawa. Mutumin da rahotonsa ya nuna ya yi shekaru yana biya lafiya, sai komai ya rushe a cikin wata shida, sannan ya dawo yana biya, wannan jarrabawa ce ta same shi. Wanda kuwa kowace shekara sai ka ga latti nan latti can, katin kanti, kuɗin waya, kuɗin wuta, wannan hali ne. Makinsu zai iya zama ɗaya, ni kuwa na farkon zan ba makulli.

Abin da yake ɓata mini rai shi ne a bar ni in gano da kaina. In tambayi mutum akwai abin da zan gani a rahoto, ya ce babu komai Hajiya, in biya kuɗi in ciro in tarar da mota da aka janye. Daga nan na gama da shi, ba don motar ba. Baban Affan, ka nemi ƙananan masu gida irina, masu gida ɗaya ko biyu ko huɗu. Ka je da fayil a hannunka: takardun albashi na wata uku, bayanan banki da ke nuna fitar kuɗin haya duk wata, wasiƙa daga wurin aiki, da wasiƙa daga mai gidanka na yanzu da lambar wayarsa. Tunda sayarwa zai yi, ba abin da zai hana shi yabonka. Ka faɗi makinka da bakinka tun kafin a tambaya, ka yi bayani a jimla uku, kada ka ja.

Alhaji Garba:
Hajiya, ke mai tausayi ce shi ya sa. Ba kowane mai gida ne zai zauna yana karanta labari ba. Wani da ka ce masa 540 ya kashe waya. Ni ina ganin mutum ya bari a fara ganinsa, a ga iyalinsa, a ga takardar albashi, sannan maganar maki ta taso.

Hajiya Maman Zahra:
Alhaji ai ban ce ya faɗa a waya ba. Ya je ya ga gida, a gaisa, a ga fuska. Amma kafin ya biya kuɗin bincike ya faɗa. Wanda zai ƙi shi gara ya ƙi shi kyauta.

Alhaji Garba:
To a nan mun haɗu. Inda nake son in ja kunne shi ne maganar surukinsa. Ni na taɓa tsaya wa wani yaro, ɗan mutunci, har yau ba na ce mugu ba ne. Aiki ya kai shi wata jiha ya bar gida saura wata biyar a yarjejeniya. Ba wanda ya neme shi, ni aka nema. Mutane suna ɗauka tsayawa shaida ce kawai cewa ka san mutum. A'a. Ka sa hannu ne cewa hayar nan bashinka ce, da ɓarnar da aka yi a gidan, wani lokaci har da kuɗin lauya. Idan ba ka biya ba a miƙa ka ga masu karɓar bashi, naka kiredit ɗin ya bi nasa. Tun daga ranar ko ɗan cikina ne sai na yi tunani.

Kuma suruki fa? Ran da aka samu saɓani, ba haya kaɗai za ta shiga ciki ba, har auren.

Ummi K:
Baba Alhaji, da girmamawa, amma idan kowa ya ce haka ina sabon zuwa zai kwana? Ni da na zo karatu ba ni da tarihi ko na kwabo, ƙanwar mahaifiyata ce ta tsaya mini. Da ta ƙi fa?

Alhaji Garba:
'Yata, ke ba ki da tarihi ne, shi kuma yana da shi. Ba ɗaya ba ne. Ban ce kada a taimaka ba, na ce a san abin da ake sa wa hannu.

Baban Affan:
Alhaji maganarka gaskiya ce, ni ma abin da ya sa har yanzu ban buɗe baki na roƙe shi ba ke nan. Nauyinsa nake ji.

Anti Rabi:
Akwai tsaka-tsaki. Idan har za a kai ga surukin, ku karanta takardar lamunin da kyau, domin da yawa an rubuta cewa tana ci gaba da aiki duk lokacin da aka sabunta haya. Ku nemi a rubuta cewa ta shekarar farko ce kaɗai. Ƙaramin mai gida zai iya yarda, babban kamfani da wuya. Sannan kai Baban Affan ka sa biyan hayar ya riƙa fita kai tsaye daga banki, ka riƙa tura masa shaida duk wata ba sai ya tambaya ba. Hankalinsa zai kwanta.

Akwai kuma kamfanonin da sana'arsu ke nan, su tsaya wa ɗan haya a biya su. Kuɗin da ka ba su ba ya dawowa, ba kowane mai gida ne yake karɓarsu ba, kuma in sun biya maka haya za su dawo kanka su karɓa. Amma dai ba za ka haɗu da su a wurin suna ba.

Ɗan Bronx:
Ku a Ohio da Texas ma kuna da sauƙi, kuna iya cewa mai gida ga ajiyar wata biyu ka rufe ido. Mu nan New York tun dokar 2019 mai gida ba shi da ikon karɓar ajiya fiye da hayar wata ɗaya, kuɗin binciken fom kuma ba ya wuce dala 20. Da jin haka ka ce an taimaki talaka, kuma an taimake shi ta wani ɓangaren. Amma mai raunin kiredit da ya tara kuɗinsa an ƙwace masa makamin da yake da shi. A da ya ajiye na wata uku a ba shi gida. Yanzu sai a ce albashinka na shekara ya ninka hayar wata sau 40, in ba haka ba ka kawo mai tsaya maka da nasa ya ninka sau 80. Ina direban tasi zai samo mai ninki 80?

Ummi K:
Ni ban yarda dokar ce matsala ba. Mutum nawa ne suke da hayar wata uku a ajiye? Waɗanda dokar ta ceta sun fi waɗanda ta takura yawa nesa ba kusa ba. Kaliforniya ma ta bi sahu a 2024.

Ɗan Bronx:
Ƙanwata ban ce a soke ta ba. Na ce mai irin matsalar Baban Affan ba ta yi masa rana ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Hajiya Maman Zahra:
Game da ba da kuɗi gaba, ku yi hattara, ba kullum yake burge mai gida ba. Ƙarin ajiya ina so. Amma wanda ya zo mini da hayar wata shida a jaka ba takardar albashi, tsoro yake ba ni, don tambayata ita ce wata na bakwai fa? Kuma Baban Affan, duk abin da ka bayar a rubuta shi a yarjejeniya: wannan ajiya ce, wannan hayar watan ƙarshe ce. Kada a haɗa su a baki.

Anti Rabi:
Ohio ba ta sa iyaka a kan ajiya ba, saboda haka kana da damar yin tayi. Dokarsu kuma ta ce bayan ka fita a mayar maka cikin kwana 30 tare da lissafin abin da aka cire, amma sai ka ba da sabon adireshinka a rubuce. Mutane da yawa a nan suke asarar haƙƙinsu.

Musa na Manchester:
Ina bin ku daga Ingila, abin yana ba ni mamaki. Mu nan dillalan haya ba sa ganin lattin katinka. Abin da yake fito musu shi ne na bainar jama'a, kamar hukuncin kotu a kan bashi, wanda ake kira CCJ, da karayar arziki. CCJ yana zama shekara 6, amma in ka biya cikin wata ɗaya da yanke shi ana cire shi. Ajiya kuma hayar mako 5 ce iyaka ga yawancin gidaje tun 2019. Sai dai maganar mai tsaya maka, wannan ciwon kai ɗaya ne da naku, har ma wasu su ce sai wanda ya mallaki gida a ƙasar.

Malam Sani:
Ni abin da nake gani, duk wannan tsarin an gina shi ne don a tura mutum cin bashi da ruwa. Ka biya haya shekara goma ba latti, ba wanda zai rubuta maka. Ka kasa biyan wata biyu a kai ka wurin masu karɓar bashi, nan take ya hau rahoto. Wanda ya guje wa kati gaba ɗaya saboda riba kuma a ce ba shi da tarihi, a hukunta shi kamar wanda ya ci ya ƙi biya. Wane irin adalci ne wannan?

Ummi K:
Malam a kan hayar nan ka yi gaskiya ɗari bisa ɗari, ni ma tana ci mini rai. Akwai dai kamfanonin da suke kai rahoton biyan haya idan ka yi rajista da su, wasu masu gida ma suna yi. Amma ba dole sai mutum ya biya ruwa makinsa yake hawa ba, wannan camfi ne da ya yaɗu. Akwai katin da kake ajiye kuɗinka, misali dala 200, su ba ka iyakar kashewa daidai da shi. Ka sayi mai, ka biya duka kafin ranar biya, ba ruwa ko sisi, kuma a rubuta maka ka biya a kan lokaci. A lissafin FICO, kamfanin da ke fitar da makin kiredit, tarihin biya shi ne kashi 35, yawan bashin da ke kanka kashi 30.

Malam Sani:
Ko ba ki biya ba ai kin sa hannu a kan sharaɗin za ki biya in kin yi latti. A nan malamai suka yi saɓani.

Admin:
Malam Sani da Ummi, mas'alar tana da muhimmanci amma ku buɗe mata zare daban. Bawan Allah yana da makonni ne kawai.

Anti Rabi:
Shi ya sa ma nake cewa kada ya sa rai maki zai gyaru kafin ya tashi. Abu ɗaya ne yake motsi da sauri: idan katunan nan biyu har yanzu a buɗe suke kuma sun cika, rage su yana iya nunawa da zarar banki ya kai rahoton wata. Amma kada ka kwashe kuɗin ajiyar gida ka zuba a tsohon bashi da tunanin zai ɓace. Biyan bashin da ya riga ya je hannun masu karɓa ba ya cire shi daga rahoto, sai dai a rubuta an biya. A yanzu kuɗi a hannu ya fi maka amfani.

Ɗan Bronx:
Kuma ka kula da tallan "ba ma duba kiredit" a Facebook da Craigslist. Masu irin halin da kake ciki suke farauta. Gida mai kyau, haya mai araha, mai gida wai ya yi tafiya, turo ajiya ta manhajar tura kuɗi ta Zelle a aiko maka makulli. Kada ka tura ko dala kafin ka shiga cikin gidan da ƙafarka. Tunda Columbus kake, shafin odita na gundumar Franklin yana nuna sunan mai kowane gida, ka duba ko ya yi daidai da wanda yake maka magana.

Baban Affan:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Wata tambaya: maiɗakina ba ta da tabo ko ɗaya, sai dai ba ta aiki. In ta cike ita kaɗai fa?

Anti Rabi:
Ba zai yiwu ba. Ba ta da albashin da za ta nuna, kuma duk baligin da zai zauna a gidan sai ya shiga fom. In aka ɓoye ka aka gano daga baya, saɓa yarjejeniya ne, kuma ita ce hanyar shari'ar korar da muke cewa ba ka da ita.

Baban Affan:
Na fahimta. Na ciro rahotannin uku yanzu. Katunan da motar suna nan kamar yadda na sani, har da ragowar kuɗin motar bayan sun yi gwanjonta. Amma a ɗaya daga ciki ragowar ta fito sau biyu, wurin kamfanin da ya ba ni bashin da kuma wurin masu karɓa, kowanne da cikakken kuɗin. Akwai kuma wani kuɗin asibiti na dala 310 da ban ma san da shi ba.

Ummi K:
Na asibitin bai kamata ya kasance a wurin ba. Tun Afrilun 2023 kamfanonin uku suka daina sa bashin asibiti da bai kai dala 500 ba. Ka ƙalubalance shi yau.

Anti Rabi:
Na motar kuma, sunaye biyun za su iya fitowa, amma idan kamfanin farko ya sayar da bashin, nasa layin ya kamata ya nuna sifiri. Ka rubuta wa kamfanin rahoton, ka haɗa da kwafin shafin ka zagaye layukan biyu, da kwafin takardar da aka aiko maka bayan gwanjon in tana nan. Yawanci kwana 30 suke da shi su bincika. Ka ajiye shaidar ka tura, ka sa kwafinta a fayil ɗin da Hajiya ta ce ka riƙe, don mai gidan da ya ga bashin mota biyu ya san ɗaya ne.

Alhaji Garba:
Surukin dai a bar shi sai an rasa yadda za a yi.

Hajiya Maman Zahra:
Alhaji ai ka faɗa mun ji. Baban Affan, ka tambayi mai gidanka ko wanda zai saya zama zai yi a ciki ko haya zai ci gaba da bayarwa. In mai zuba jari ne, zai fi son ya tarar da ɗan haya mai biya a ciki da ya tarar da gida fanko. In kuma ba haka ba, ka roƙi a bar ka wata-wata har a kammala cinikin, a rubuce.